Garwashi a Ƙarƙashin Toka: Kumburin Cikin Jiki da Binciken Tsufa da Lafiya

A tsakanin 2014 da 2015, wata tawagar likitoci da masu nazarin rayuwar al'ummomi ta riƙa ɗebo mutane daga ƙauyuka 85 na dajin Amazon a ƙasar Bolibiya, wasu a kwale-kwale, wasu a mota, ana kai su garin Trinidad domin a ɗauki hoton zuciyarsu da na'urar CT. Mutanen 'yan ƙabilar Tsimane ne, manoma kuma mafarauta da masunta, waɗanda yawansu bai wuce 16,000 ba a lokacin. Mutum 705 aka duba, daga mai shekara 40 zuwa mai 94. Abin da ake nema shi ne sinadarin kalsiyam da ke daskarewa a bangon jijiyoyin jinin zuciya, wanda shi ne alamar cewa hanyar jini ta fara toshewa.

Da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga sakamakon a 2017, sai da masana ciwon zuciya suka tsaya suka sake karantawa. Kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka duba ba su da ko ɗigon wannan daskarewa. Ko a cikin waɗanda suka haura shekara 75, kusan biyu cikin uku jijiyoyinsu tas suke. Hillard Kaplan da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa jijiyoyin dattijon Tsimane mai shekara 80 daidai suke da na Ba'amurke mai shekara 50 da 'yan kai. Ba a taɓa auna wata al'umma aka samu haka ba.

Amma akwai abin da ya fi wannan ɗaure kai. Kusan rabin mutanen, jininsu na ɗauke da alamar kumburi mai yawa, irin wadda in likita a Landan ko Boston ya gani a jinin dattijo zai fara yi masa gargaɗi game da zuciya. Tsutsar ciki ta zama ruwan dare a wurinsu, ciwon ƙirji da gudawa ba sa yankewa, garkuwar jikinsu kullum tana bakin daga. Ga kumburi, ga kuma zuciya lafiya lau. Wannan ya ci karo da abin da ilimin tsufa ya shafe shekaru yana koyarwa.

Kumburin da ba a gani

Kowa ya san kumburi na fili. Ƙaya ta soki ƙafa, wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya tashi, ya yi ciwo. Wannan aikin garkuwar jiki ne: ta aika da fararen ƙwayoyin jini su kashe abin da ya shigo, su kwashe ɓarna, sannan su janye a bar nama ya haɗe. Ba don shi ba, da ƙaramin rauni ma sai ya kai mutum kabari.

Wanda masu binciken tsufa ke magana a kai wani ne daban. Ba ya sa zazzaɓi, ba ya tashin fata, mai shi ma bai san yana da shi ba. Kamar garwashi yake a ƙarƙashin toka: ba harshen wuta, ba hayaƙi, amma duk abin da aka ɗora a kai yana ƙuna a hankali. Sai an gwada jini ake ganinsa, ta hanyar wasu sinadarai da garkuwar jiki ke aika saƙo da su, irin su IL-6, da kuma wanda hanta ke fitarwa mai suna CRP. A shekarar 2000, Claudio Franceschi na Jami'ar Bologna a Italiya ya tattara hujjojin da ke nuna cewa waɗannan sinadarai suna hawa kaɗan-kaɗan yayin da shekaru ke ja, kuma wannan hawan yana da hannu a yawancin cututtukan tsufa: toshewar jijiyoyin jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga, ciwon gaɓɓai, zaizayewar tsoka da ƙashi, da ciwon mantuwa.

Daga ina yake fitowa? Tushensa ba ɗaya ba ne. Tun 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayar halittar jikin mutum ba ta rabuwa har abada. Bayan kamar sau 50 sai ta tsaya. Daga baya aka gano cewa irin waɗannan ƙwayoyi da suka gaji ba duka suke mutuwa ba. Wasu sukan zauna a cikin nama, ba sa aiki, ba sa tafiya, kuma, kamar yadda Judith Campisi da tawagarta a Kalifoniya suka bayyana a 2008, suna ta tsiyayo da sinadaran kumburi suna cutar da maƙwabtansu. A jikin matashi garkuwa na share su da wuri. A jikin tsoho sharar na yin jinkiri, sai su taru.

Tushe na biyu kitsen ciki ne, wanda ke naɗe hanji da hanta, wato abin da ke bayan teɓar da a wasu gidaje ake yi wa kallon alamar samu. Wannan kitse ba ajiya ce kawai ba, shi ma yana fitar da sinadaran kumburi dare da rana. Akwai kuma hanji, wanda bangonsa kan yi rauni da shekaru har ɓurɓushin ƙwayoyin bakteriya su riƙa tsallakawa cikin jini. Sai dasashi mai ciwo, da hayaƙi, da ƙarancin barci, da zama wuri ɗaya.

A Japan, inda masu shekara 100 suka fi yawa idan aka kwatanta da yawan jama'a, Yasumichi Arai da abokan aikinsa na Jami'ar Keio sun bi diddigin mutum 1,554, cikinsu har da 684 da suka kai ko suka wuce shekara 100. A sakamakon da suka fitar a 2015, abin da ya fi nuna wanda zai ƙara daɗewa da ƙarfinsa da hankalinsa shi ne ƙarancin kumburi a jini. Ya fi tsawon telomiya, wato murfin da ke ƙarshen zaren gado na ƙwayar halitta, wanda aka daɗe ana ɗauka shi ne ma'aunin tsufa.

A nan ya kamata a ɗan ja birki game da labaran masu tsawon rai, domin yawancinsu ba a tantance su kamar na Keio ba. Saul Newman, wani mai bincike a Landan, ya nuna cewa wuraren da aka fi yawan jin labarin masu shekara 110 sau da yawa wurare ne da takardun haihuwa ba su da inganci, ko inda iyali ke ci gaba da karɓar fanshon mamaci. A 2010 hukumomin Japan da kansu suka gano sunayen mutum fiye da 230,000 a rajistar iyali da ake ƙirgawa sun haura 100, alhali ba a san inda suke ba. Mu da kakanninmu ke lissafin shekarunsu da zamanin wani sarki ko shekarar wata yunwa, mun fi kowa sanin yadda tsohuwa mai shekara 85 ke zama mai 120 a bakin jikokinta. Wadda aka tabbatar ta fi kowa daɗewa a duniya, Jeanne Calment ta Faransa, shekara 122 ta yi, ta rasu a 1997.

Ba shekaru ne kaɗai ba

A tsakiyar 2025 mujallar Nature Aging ta buga wani bincike da ya sake buɗe maganar. Alan Cohen na Jami'ar Columbia a Amurka da tawagarsa suka yi nazarin jinin mutum kusan 3,000 daga al'ummomi huɗu, suka auna sinadaran kumburi 19. Biyu daga cikin al'ummomin mazauna ƙasashe masu masana'antu ne, Italiya da Singafo. Sauran biyun su ne Tsimane da kuma Orang Asli, 'yan asalin dazuzzukan Maleshiya. A Italiya da Singafo abin ya bi yadda Franceschi ya faɗa: kumburi na hawa da shekaru, kuma yana tafiya tare da cututtuka irin su ciwon ƙoda. A wurin Tsimane da Orang Asli kuwa, kumburin yana da yawa tun daga ƙuruciya saboda cututtuka masu yaɗuwa, amma ba ya ƙaruwa da tsufa, kuma ba ya jawo cututtukan da yake jawowa a birane.

A ganina wannan shi ne bincike mafi muhimmanci da aka yi a fagen cikin 'yan shekarun nan. Yana nufin abin da aka ɗauka dokar halitta ce, wani ɓangare mai yawa na shi sakamakon irin rayuwar da ake yi ne. Jikin da ke tafiya sa'o'i a kullum, ba ya tara kitsen ciki, yana cin rogo da ayaba da masara da kifi, yana ɗaukar kumburi ta wata fuska daban da jikin da ke zaune a mota da ofis da falo. Mazan Tsimane sukan yi sa'a 6 zuwa 7 a rana suna aikin ƙarfi, matan 4 zuwa 6. Wani bincike na 2022 ya samu ciwon mantuwa a kusan kashi 1 cikin 100 na dattawansu, alhali a Amurka ya kai kashi 11 a tsakanin waɗanda suka haura 65.

Kada wannan ya sa a yi wa talauci kwalliya. Tsimane suna binne yara da yawa, kuma ciwon huhu da sauran cututtuka masu yaɗuwa ne ke kashe manyansu. Babu uwar da za ta zaɓi wannan. Darasin ya taƙaita ne ga abu ɗaya: zuciya da ƙwaƙwalwa suna iya kai wa shekara 80 ba tare da sun lalace ba, kuma abin da ke raba masu kaiwa da marasa kaiwa yana cikin ayyukan yini.

Neman ƙwaya guda

Kamfanonin magani ba su zauna ba. Gwajin da ya fi shahara shi ne wanda Paul Ridker na wani asibitin Jami'ar Harvard a Boston ya jagoranta, aka bayyana sakamakonsa a 2017. Mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya, kuma CRP ɗinsu na sama, aka raba su. Wasu ana yi musu allurar canakinumab duk wata uku, wasu ta bogi. Allurar ba ta taɓa kitsen jini ko kaɗan, saƙon kumburi guda ɗaya kawai take toshewa. Duk da haka ta rage sake samun bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 15 cikin 100. Wannan ne karon farko da aka tabbatar a jikin mutane cewa kumburi da kansa yana jawo ciwon zuciya. Sai dai waɗanda suka sha allurar sun fi mutuwa da cututtuka masu yaɗuwa, domin an rage wa garkuwarsu ƙarfi. Da aka haɗa lissafi, yawan mace-mace bai ragu ba. Ga kuma tsada ta fitar hankali.

Sai aka waiwayi kolcisin, tsohon maganin ciwon gaɓɓai na gawut mai araha. Gwaji a Kanada a 2019, da wani a Ostireliya da Holan a 2020 mai mutum 5,522, sun nuna ƙaramin awo na rage matsalolin zuciya ga masu ciwon, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don haka a 2023. Shekara ɗaya bayan nan wani gwajin mai mutum fiye da 7,000 ya fito bai ga amfani ba. Likitocin zuciya na nan suna muhawara.

Wanda ya fi shafar gidajenmu shi ne asfirin. Shekaru da yawa ana ba dattawa shawarar su riƙa haɗiyar ƙaramar ƙwaya kullum don kariya. Jami'ar Monash ta Ostireliya ta gwada wannan a kan mutum 19,114 masu lafiya, yawancinsu 'yan shekara 70 zuwa sama, na kusan shekara biyar. Sakamakon 2018 ya nuna asfirin bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai ma ƙarin zubar jini a ciki da ƙwaƙwalwa. Wannan bai shafi wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki kuma likita ya ɗora shi a kai ba; shi kada ya daina sai da izinin likitansa. Amma dattijo mai lafiya da ke sha don wani aboki ya ce yana tsinka jini, yana sayen haɗari ne da kuɗinsa.

Ku tsaya a bakin wani kemis na unguwa bayan la'asar. Yarinya za ta zo da kuɗi a dunƙule a hannu ta ce, "Wai in ji Iya a ba ta na ciwon gwiwa, irin na jiya." Mai shago zai ɓalle ƙwayoyi huɗu ko biyar daga kati daban-daban, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya ƙulle a 'yar leda. A cikin irin wannan haɗin sau da yawa akwai diklofenak ko ibuprofen, wani lokaci duka biyun, da kuma deksametason ko prednisolon. Duka magungunan kumburi ne, kuma gaskiya suna aiki: kafin magariba Iya za ta miƙe ta ce ta ji daɗin jikinta. Abin da ba a gaya mata ba shi ne na farkon, in aka daɗe ana sha, suna huda ciki su sa gyambo da zubar jini, suna ɗaga hawan jini, suna lalata ƙoda, musamman a lokacin zafi da jiki ke ƙarancin ruwa. Na biyun kuma suna ɗaga suga, suna cinye ƙashi, suna kumbura fuska har a riƙa cewa ta yi ƙiba ta murmure. Ba su taɓa tushen kumburin tsufa, sai dai su rufe bakin ciwo. Ina ganin duk mai tsoho a gida ya kamata ya san abin da ke cikin wannan leda.

A ɗakunan gwaji kuwa labarai masu daɗi na ta fitowa, kusan duka daga ɓeraye. A 2011 da 2016 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun share gajiyayyun ƙwayoyin nan daga jikin ɓeraye, suka ga tsufa ya jinkirta, rayuwa ta ƙaru. Rapamaisin, maganin da aka samo daga ƙasar tsibirin Ista, ya tsawaita ran ɓeraye a gwajin 2009. A 2024 Anissa Widjaja da Stuart Cook a Singafo suka toshe wani sinadari mai suna IL-11 a jikin tsofaffin ɓeraye, ransu ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100. Aiki ne na gaske, kuma wata rana zai iya haifar da magani. Amma har yau babu ƙwaya ko allura ko garin da aka tabbatar yana tsawaita ran ɗan Adam mai lafiya. Wanda ke tallar irin wannan a Facebook ko a lasifikar kasuwa, ya riga ilimi isa inda ilimi bai kai ba.

Tsoka ita ce kantin magani

Abin da ya fi kowane magani hujja ba a sayar da shi. A farkon shekarun 2000, Bente Klarlund Pedersen ta Kopenhagen a Denmark ta gano cewa tsoka, in tana aiki, tana zuba nata sinadarai cikin jini. Ɗaya daga cikinsu shi ne IL-6 ɗin nan da ake zargi. Bambancin shi ne wanda tsoka ke fitarwa yakan tashi na ɗan lokaci ya sauka, kuma yana tayar da wasu sinadarai masu kwantar da kumburi. Duk tafiya mai ɗan sa haki, duk ɗaukar kaya, duk sunkuyo da miƙewa, allura ce ƙarama da jiki ke yi wa kansa.

A Ingila, Janet Lord ta Jami'ar Birmingham da abokan aikinta sun duba masu hawan keke 125, 'yan shekara 55 zuwa 79, waɗanda suka shafe rayuwarsu suna tuƙi. Akwai wata 'yar gaɓa a bayan ƙashin ƙirji da ke horar da sojojin garkuwar jiki, wadda kan fara ƙanƙancewa tun mutum na saurayi. A rahoton 2018, ta waɗannan dattawa tana fitar da sababbin ƙwayoyi kamar ta matasa. Tsokarsu ba ta zube ba, kitsensu bai ƙaru ba.

Mai karatu zai ce waɗannan tun suna yara suka fara. To, ga na waɗanda suka makara. A 1990 wata likita a Boston, Maria Fiatarone, ta shiga gidan kula da tsofaffi ta zaɓi mutum goma masu kimanin shekara 90, masu rauni, wasu da sanda, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako. Bayan mako takwas ƙarfin cinyarsu ya kusan ninka uku. Ta maimaita a 1994 da mutum 100 masu matsakaicin shekara 87. Ƙarfi ya ninka biyu, tafiya ta ƙara sauri, hawan bene ya yi sauƙi, wasu suka ajiye abin dogarawa mai ƙafa huɗu suka koma sanda. Tsoka ba ta daina amsa kira, ko a shekara 90.

Wannan ne ya sa wata ɗabi'armu mai kyau take ba ni tsoro. Muna girmama iyaye ta hanyar raba su da aiki. Da ɗa ya samu, abu na farko shi ne, "Baba, ka bar zuwa gonar nan haka, ka zauna ka huta, mu za mu yi." Hajiya ta ɗauki tsintsiya, sai a karɓe: "Haba Hajiya, ina yaran suke?" A saya wa Baba kujera mai laushi, a kai shi masallacin da ke bayan gida a mota, a kawo masa ruwan alwala har inda yake. Niyya ce ta neman albarka, kuma babu mai tababa a kanta. Amma bayan shekara biyu, mutumin da ke tafiya gona da ƙafarsa sai an kama shi zai tashi daga tabarma, sai a ce tsufa ne ya zo. Wani kaso na wannan ba tsufa ba ne, zama ne. Kwanciyar kwana goma kacal a gado tana zaftare wa dattijo tsokar ƙafa da ƙarfin da zai sha wuya kafin ya mayar.

Ba a ce a bar tsoho yana huɗa a rana tsaka ba. A rage masa nauyi, kada a ƙwace masa motsi. Wani nazari da ya haɗa bincike 15, wanda aka buga a 2022, ya nuna cewa ga waɗanda suka haura 60, amfanin tafiya yana ƙaruwa har zuwa taku 6,000 zuwa 8,000 a rana. Zuwa masallaci da dawowa sau biyar, leƙa kasuwa, gaisuwar maƙwabta, ba dabbobi abinci, sun isa su cika wannan. A Brazil kuma, likita Claudio Gil Araújo ya gwada mutum 2,002 'yan shekara 51 zuwa 80 da abu mai sauƙi: su zauna a ƙasa su tashi ba tare da dafawa ba. Waɗanda suka fi shan wuya sun ninka waɗanda suka yi da sauƙi sau biyar zuwa shida wajen mutuwa a shekarun da suka biyo. Al'ummar da ke cin abinci a tabarma, take ruku'u da sujada kullum, tana yin wannan atisaye ba tare da ta kira shi atisaye ba. Wanda ciwo ya tilasta wa sallah a kujera, addini ya yi masa sauƙi. Amma wanda gwiwarsa ke iyawa, kowace sujada tana riƙe masa ita.

Abin da ke cikin akushi

Yawancin binciken abinci an yi shi ne a kan cimar Turawan bakin Bahar Rum, man zaitun da kifi da ganye. Gwajin da aka yi a Sifen da mutum 7,447 ya nuna irin wannan cima na rage ciwon zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 30 cikin 100. Amma ba sai an shigo da zaitun ba. A 2010 masu bincike daga Italiya suka kwatanta hanjin yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da na yaran birnin Florence. Yaran ƙauyen sun fi yawan nau'o'in bakteriya masu amfani, waɗanda ke narka dusar hatsi su mayar da ita wasu sinadarai masu ciyar da bangon hanji da kwantar da kumburi.

Abin mamaki shi ne saurin da abin ke juyawa. A 2015 Stephen O'Keefe ya sa baƙaƙen fata 20 na birnin Pittsburgh a Amurka suka yi musayar abinci da mutum 20 na karkarar KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu. Cikin mako biyu kumburin hanjin Amurkawan ya sauka, na 'yan karkarar ya hau. A 2025 Godfrey Temba da abokan aikinsa a Moshi ta Tanzaniya suka yi makamancin haka da maza 77. Waɗanda suka bar cimar gargajiya ta yankin Kilimanjaro, ta ayaba da wake da gero da dawa da ganye, suka koma farin burodi da soye-soye da tsiran kanti, sinadaran kumburi sun ƙaru a jininsu cikin mako biyu. Waɗanda suka yi akasin haka, nasu ya sauka.

Sai abinci mai tsami da aka bari ya kwana. A Jami'ar Stanford a 2021, an sa mutane cin yogot da makamantansa na tsawon mako goma, aka ga sinadaran kumburi 19 sun ragu, har da IL-6. Kindirmo ɗan gidan su yogot ne. Idan aka jera tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa mai daddawa, da ɗanwake, da kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, da fura da nono, da faten acca, za a ga kusan duk abin da waɗannan bincike ke yabo yana ciki: hatsi da dusarsa, wake, ganye, gyaɗa, abu mai tsami. Abin da ke korar su daga akushin dattawa a birane shi ne farar shinkafa safe da dare, taliyar leda, burodi da shayi mai cokali huɗu na suga, lemon kwalba da ake kai wa marar lafiya a matsayin dubiya, da dunƙulen ɗanɗano mai gishiri da ya maye gurbin daddawa. Ita kanta furar, in aka cika ta da suga, an rage mata daraja.

Gargaɗi ɗaya game da rage ci. Tun 1935 aka san ɓeran da aka rage wa abinci ya fi daɗewa, kuma wani gwaji na shekara biyu a Amurka ya nuna rage ci da kusan kashi 12 cikin 100 na saukar da CRP. Amma 'yan shekara 21 zuwa 50 aka gwada. Ga tsoho, rama ba alheri ba ce, domin tsoka ce ke fara tafiya. Yana buƙatar abin gina jiki fiye da yadda ake zato: wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, nama in an samu. Tsohuwar da haƙoranta suka zube aka bar ta da koko da shayi kullum, ana zaftare mata ƙarfi ne ba a sani ba.

Haƙoran ma nasu babi ne. Dasashi mai jini ƙofa ce da bakteriya ke bi su shiga jini kullum. A wani gwaji a Landan a 2007, an yi wa masu ciwon dasashi mai tsanani wankin haƙori na asibiti, bayan wata shida aka ga jijiyoyin jininsu sun fi buɗewa. Asuwaki da buroshi da ganin likitan haƙori suna cikin kula da zuciya. Haka hayaƙin itace: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma matan da suka shafe shekara 40 a gaban murhu a rufaffen madafi su ne kan gaba. Fitar da murhu fili, ko buɗe taga, ko komawa gas in da hali, rage kumburin huhu da jini ne kai tsaye. Taba kuwa ba ta buƙatar dogon bayani.

Kaɗaici ma yana shiga jini. Steve Cole da John Cacioppo a Amurka sun nuna a 2007 cewa a jikin mutanen da suka daɗe cikin kaɗaici, ƙwayoyin gado masu tayar da kumburi sun fi aiki. Majalisar ƙofar gida, zaman jikoki a ɗakin kaka, zuwa suna da biki da ta'aziyya, duk suna da lada a jiki. Dattijon da aka ɗauko daga ƙauye aka ajiye a gida mai katanga da maigadi, inda kowa ke fita da safe sai dare, an ba shi fanka da talabijin amma an raba shi da wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Najeriya ta fara shiri a makare: cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta asibitin koyarwa na Ibadan ta buɗe a 2012, an sa hannu a dokar kafa cibiyar dattawa ta ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021. Likitocin da suka ƙware a lafiyar tsofaffi kaɗan ne ƙwarai, don haka yawancin aikin yana hannun iyali da ƙananan asibitocin unguwa.

Wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu sun fara tallar auna CRP. A inda zazzaɓin cizon sauro da taifot da ciwon haƙori ke yawo, lambar na iya tashi sama don dalilin da bai shafi tsufa ba, sai a tayar da hankalin mutum a banza. Kuɗin ya fi amfani a awon hawan jini, wanda ba ya ciwo har sai ya kayar da mutum, da awon suga, da gwajin ƙoda ga duk wanda ya daɗe yana shan maganin ciwon jiki. In za a kai Baba ko Iya asibiti, a tattara duk abin da suke sha, na kemis da na asibiti da na gargajiya, a zube wa likita a kan tebur ya duba wanda za a ci gaba da shi da wanda za a daina.